Irin Dankalin Kaka Asunta

Cotabambas, 14 ga Yuni

Zuwa ga Mamata, Gumercinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Melchor da dabbobi. Kawu, na san kai za ka karanta mata wannan takarda. Don Allah ka karanta duka, kada ka tsallake inda ka ga ta yi tsawo.

Na iso Cotabambas ƙarfe uku da minti ashirin na yamma. Daga ƙofar gidanmu a Sorapata zuwa nan kilomita sittin da ɗaya ne a mitar babur ɗin Baba. Na faɗi sau biyu, duk a kan kwana, duk a hankali. Gwiwata ta hagu ta goge, madubin dama ya tsage. A saman tsauni, wajen tulin duwatsun matafiya, babur ya yi tari ya mutu, kamar yadda Kawu ya ce zai yi in iska ta yi masa kaɗan. Na ɗora dutsena a kan tulin, na jira minti goma, na buga sau bakwai ya tashi. Wata mai kiwon alpaka, dabbobin nan masu ulu da dogon wuya, ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta tambaye ni ko mai babur ɗin ya san na ɗauko. Na ce ya rasu bara. Ta ce to ko a haka ya fi ni iya tuƙi.

Mama, zan rubuta abin da zan faɗa wa Don Leoncio, ki gyara min inda na kuskure, don ba na so ya kama ni da ƙarya ko ta kalma ɗaya. Ni na koma makaranta jarrabawa washegarin jana'iza, ban ga sauran da idona ba.

Baba ya rasu ranar tara ga Agusta. A rana ta takwas kuka sauka rafi wankin tufafinsa kamar yadda ake yi. Don Leoncio Berrío, uban baftismata, ya zo ya miƙa miki ganyen koka da hannu biyu. Kika ɗauka ta'aziyya ce, kika karɓa kika kai baki. Sai da kika tauna ya ce, a gaban mutum tara, roƙo ya kawo: irin dankalinmu, Baƙar Kaka, yake so, tunda babu namijin da zai taka garma a gidanmu bana, shi zai riƙe mana. Wanda ya karɓi ganye ya amsa roƙo, ba ki da bakin cewa a'a. Washegari ya zo da alfadarai ya kwashe buhu biyar, wato duka, har na ƙasan rami da ke cikin ciyawa. Da kika kai ƙara taron gari a watan Afrilu, ya ce ke kika ba shi, shugaban gari kuma ya ce ganye ya riga ya yi magana. Yanzu zai kai shi bajekolin iri na Cusco ranar ashirin da uku ga wata, da sunansa a kai.

Haka aka yi? A cikin mutum taran nan sunan bakwai nake da shi.

Gobe zan gangara kwarin Apurímac in biya ta gonarsa, in fara neman irinmu cikin mutunci. Gangaren na ba ni tsoro. An ce lanƙwasarsa ta fi arba'in, ga birkin baya yana kuka. Ki ba Don Hilario mai babbar mota amsa, ya ajiye min a rumfar abincin da ke bakin gada.

Ba zan fasa ba. In tsoro ya kama ni sai in tuna dankalin da Kaka Asunta ta goyo a mayafi ranar da aka kawo ta gidanmu tana amarya, baƙin ɓawo, ciki kamar gwaiduwar ƙwai, in ga shi kwance ƙarƙashin sunan mutumin nan. Sai tsoron ya tafi.

Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Rosmeri


Sorapata, 16 ga Yuni

Rosmeri 'yata,

Ina gaishe ki. Lafiya muke. Sanyin safe yana sauka yadda ake so, mun baza dankalin bushewa a fili, ƙafafuna sun tsattsage da taka shi. Kawunki ne ke rubutu, na gaya masa in ya canza min magana zan gane.

Mutum goma sha ɗaya ne, ba tara ba. Kin bar matarsa, da ta tsaya a bayansa tana kallon ƙasa don ta san abin da suka ƙullo, kin bar ƙaninsa mai riƙe da alfadari. Wa ke zuwa wankin kayan mamaci da alfadari? Kuma hannuna a jiƙe yake. Ki sa wannan a takardarki. Jira ya yi sai da ya ga ina matse rigar da aka tuɓe wa ubanki, sannan ya matso.

Wane mutunci kuma? Shekara biyar na tura ki Cusco ki zama injiniyar gona, don ki je ki durƙusa wa dila? Mutumin da ya fara yanke miki gashi kina shekara uku, ya ci ragonmu har ƙashi, ya kira ubanki ɗan'uwa. Ba iri kaɗai nake so ba. So nake ya tsaya a gaban jama'a yadda na tsaya a taron gari, ya yi ta magana ba mai ɗago kai. So nake matarsa ta ji kunyar shiga coci. Ki dawo min da Baƙar Kaka, shi kuma ki bar shi can ba fuska.

Kada ki karɓi komai daga hannunsa, ko da ruwa ne.

Allah ya tsare hanya.

Uwarki

Injiniya, Melchor ne yanzu. Ta faɗi wasu abubuwa uku a kan uwar Leoncio da birona ya ƙi rubutawa. Birkin baya ba kuka yake ba, haka yake gaisuwa tun ubanki na da rai. A gangare ki sa giya ta biyu ki bar inji ya riƙe ki, kada ki matse na gaba a kan tsakuwa. Madubin dama tun da can ma ƙarya yake yi, ki manta da shi.


Bakin gadar Apurímac, 18 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki da Kawu. Takardarki ta same ni, na gyara: mutum goma sha ɗaya, hannu a jiƙe.

Lanƙwasa arba'in da bakwai na ƙirga. Na fara gangaren da rigar sanyi biyu da bargo, na ƙare da riga ɗaya ina gumi, ƙananan ƙudaje sun cinye min idon sawu. Saura kilomita biyu in kai gada sarƙar babur ta tsinke, na turo shi da ƙafa. Don Hilario ya yi alkawarin kawo min mahaɗi daga Cusco. Doña Eufemia mai rumfar abinci ta ba ni wurin kwana, tana kirana direban gasa.

Shekaranjiya na taka zuwa gonar Don Leoncio. Ba ya nan, ya riga ya wuce Cusco da iri. Mai aikinsa na samu, wani dattijo, Don Cirilo. Kawu, daga nan ka karanta a hankali.

Gonarmu tana kan mita dubu huɗu, inda ruwa ke daskarewa a kwano. Tasa tana kan dubu biyu da ɗari da hamsin, kusa da rake da lemo. A nan ya shuka Baƙar Kaka, da ban-ruwa, a fegin da ya yi shekaru yana tumatir, don ya samu girbi da wuri. Don Cirilo ya ce ganyen ya riƙa yaushi da tsakar rana alhali ƙasa a jiƙe take, da yamma ya miƙe, daga baya ya daina miƙewa. Buhu biyar da ya kamata su ba da arba'in, sha ɗaya suka bayar. Takwas sun ruɓe a ɗaki, an ba aladu. Uku ya tsince masu kyau, ya wanke, ya tafi da su. Wato buhu ukun nan su ne Baƙar Kaka da ta rage a duniya.

Na tona tarin da aka zubar bayan ɗaki, na samu guda ashirin da ba su narke ba, na yanka su. A sha huɗu, da na matsa, wani farin ruwa kamar mugunya ya tsattsafo a zagaye daga cikin naman. Mun karanta wannan ciwon a aji uku, na kuma sake yankawa don kada a ce idona ne. Ciwon yaushi ne. Yana tafiya cikin iri, in ya shiga ƙasa yana shekaru bai fita ba. A wuri mai sanyi irin namu yakan ɓuya, dankali ya yi kyau a ido amma yana ɗauke da shi. Mama, ba zan iya kawo buhunan nan Sorapata ba. Zan zuba ciwo ne a ƙasar gari gaba ɗaya.

Hanya biyu nake gani, na juya su kwana biyu ban ga ta uku ba.

Ta farko, in je in same shi a ɓoye kafin bajekoli, in kai shi wurin malamata, Dakta Zoila. Ita tana iya ɗaukar ɗan tsiron idon dankali, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ta rene shi a kwalba har ya fito ba ciwo. Shekara biyu ake yi. Baƙar Kaka za ta rayu, ta dawo gida. Amma iri a hannunsa yake, dole sai da yardarsa, kuma sunan wanda ya kawo ake rubutawa a littafin makaranta. Zai fita da hularsa a ka, har a gode masa.

Ta biyu, in bari sai ya baza shi a gaban manoma da alƙalai, in yanka a idon kowa. A bajekoli mutane musayar iri suke yi. Wanda aka kama ya kawo wannan ciwo wurin, ba zai ƙara ɗaga kai a kasuwa ba har ya mutu. Amma iri ba zai tsira ba. Ƙona shi za a yi, ina jin tun kafin in buɗe baki in nemi a bar min.

Ki faɗa min wadda zan bi. Ki aiko amsa Cusco, shagon da Don Hilario ke sauke kaya. Ni dai da na ga aladun nan suna kwance sun ƙoshi da abin da kuka yi shekara talatin kuna tsincewa ke da Baba, na san wadda zuciyata ke so, shi ya sa ma nake tsoron kaina.

A gaida duk masu taya ki aiki.

'Yarki,
Rosmeri


Sorapata, 20 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa. Kawunki ya karanta min sau biyu, don na farko ban yarda ba.

Aladu. Dankalin da ba ma sa masa wuƙa, da hannu muke ɓare shi, wanda ubanki ba ya bari a zuba a ƙasa sai a kan zane. Ya sauke shi cikin zafi kamar tumatir. Ashe bai ma san abin da ya sata ba.

Kina so in zauna shekara biyu ina jiran kwalba, sannan a miƙo min abina da sunan Berrío a jiki, in ce na gode? In je taron gari in ji ana cewa da ba don Don Leoncio ba da irin Asunta ya ɓata? Ba zan kai wannan ranar ba, baƙin ciki zai kashe ni kafin ciwon ya kashe dankali.

Ki yanka a gaban kowa. Ki jira sai ya sa sabuwar hularsa, sai ya fara jawabi, don na san shi, ba ya ganin taro ya yi shiru. Sannan ki yanka.

Allah ya ba hannunki ƙarfi.

Uwarki

Injiniya, ni ne. Na rubuta yadda ta faɗa, ban canza ba. Amma da sauri ta faɗa, kuma tun lokacin ba ta ci abinci ba, ta koma fili tana taka dankali kamar shi ya yi mata laifi. Ni shekara ashirin na yi a ramin haƙar ma'adinai, na ga masu gaskiya da yawa sun fasa abin da suke zaune a kai. Leoncio ya haura sittin, yana da hawan jini, zai tafi da kansa. Dankalin ba dole ya bi shi ba. Ra'ayina ke nan, ba wanda ya tambaye ni.

Melchor


Cusco, 22 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata abar alfahari, Injiniya Rosmeri Tapara,

Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗiyarsa, da addu'ar Allah ya jiƙan ɗan'uwana mahaifinki, ina taya ki murnar gama karatu. Na ji kin shigo gari a kan babur ɗinsa. Da kin sanar da ni ai da na aika an ɗauko ki, ba a barin mace ita kaɗai a wannan hanya.

Cirilo ya aiko min cewa kin ziyarci gona kin yi tone-tone a juji. Na ji daɗi da ƙwazonki. Sai dai littafi daban, gona daban. Ruwa ne ya yi wa wasu yawa suka lalace, abin da kowane manomi ya sani. Waɗanda na kawo da hannuna na tsince su ɗaya bayan ɗaya, ba mai tabo.

Na san mahaifiyarki tana fushi. Baƙin ciki yakan sa mace ta manta wanda ya taimake ta. Da na bar irin nan a gidan da ba namiji, da an dafa shi an cinye kafin Kirsimeti. A gaban shaidu aka ba ni, taron gari kuma ya yanke magana.

Gobe ki zo rumfa ta arba'in da biyu ki tsaya a gefena. Akwai manyan ma'aikatan gona da nake so su san ki, sabon injiniya kuwa ba abin da yake buƙata kamar a san shi da hankali. Garin nan ƙarami ne ga masu neman aiki, wanda ya ta da hayaniya a ranarsa ta farko ba a mantawa da shi. Ki tuna kuma makiyayar da tumakin mahaifiyarki ke ci tana iyaka da ta ƙanina, kuma har yau lafiya ake zaune.

Bayan bajekoli zan ba ki rabin buhu ki kai mata, kyauta daga gare ni.

Allah ya yi miki albarka.

Ubanki na baftisma,
Leoncio Berrío


Cusco, 24 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, ke da Kawu. An gama. Zan faɗa miki bi da bi.

Na bar gada ranar ashirin ga wata da gyararriyar sarƙa. Hawan Chinchaypujio ya ci min awa uku, na mayar da rigunan sanyina ɗaya bayan ɗaya. Daga nan filin Anta ne, shimfiɗe, an girbe sha'ir, shanu cikin kara. Karon farko ke nan da na sa giya ta huɗu. Da na hango jajayen rufin Cusco daga sama sai na tsaya gefen titi na huta, sannan na gangara gari. Takardarki na samu a shago ranar ashirin da biyu, ta Don Leoncio kuma an kawo min masauki a ranar. Na haɗo miki ita, Kawu ya karanta miki wurin da ya ce da kin dafa irin kin cinye.

Har safiyar jiya ban yanke shawara ba. Ofishin Dakta Zoila tafiyar minti ashirin ce daga masaukina, na je har ƙofa na dawo. Na isa filin bajekoli ƙarfe tara. Na fara tambayar masu tsari, suka ce ba a musayar iri sai alƙalai sun gama zagaye da sha biyu, don haka na san ba wanda zai tafi da ciwo gida in na jira. Na tsaya bayan rumfar masu zuma ina kallonsa.

Ya shimfiɗa sabon zane, ya tara Baƙar Kaka ta yi tsini, ya shafa mata wani abu tana ƙyalli. A kan kwali ya rubuta Baƙar Berrío. Hular sabuwa ce, kin yi gaskiya, fara mai baƙin ɗauri. Ƙarfe sha ɗaya da rabi alƙalai uku suka zo, suka ɗanɗana dafaffe, suka maƙala masa jan kyalle na ɗaya, suka ba shi abin magana. Ya gode wa hukuma, ya gode wa ƙasa. Sannan ya ce kakarsa ce ta goyo irin nan a mayafi ranar aurenta.

Mama, labarin Kaka Asunta ne, da mayafin da komai. A gidanmu ya ji shi, a kan tabarmarmu. Daga nan ban ƙara tunanin ofishin Dakta ba.

Na fito na gaishe shi yadda ya kamata. Ya yi murna, ya gaya wa alƙalai ɗiyarsa ce injiniya. Na nemi izinin duba cikin dankalin don mutane su ga launinsa, bai iya hanawa ba. Na zaɓi guda biyar, masu ƙasa manne a ido duk da wankin da ya yi musu. Na yanka na farko na matsa. Lafiya lau, rawaya tas. Na ajiye shi a kan zane. Ya yi dariya ya ce wa jama'a a yi min haƙuri, jiya na fito daga makaranta, har yanzu ina neman abin da zan yi da wuƙata. Aka yi dariya.

Na yanka na biyu na matsa, na ɗaga sama. Farin ruwan ya fito ɗigo-ɗigo a zagaye. Na uku ya fi shi, har ya gangaro min a yatsa.

Ban ma gama bayani ba. Wata tsohuwa mai rumfa ta arba'in da uku ta leƙo ta gani, ta san ciwon, ashe ya taɓa cinye musu gona. Ta tattare zanen irinta ta rungume, ta ce da ƙarfi, "Ɗan banza, a gefen irina ka baza wannan?" Kafin ma'aikatan gona su iso manoma sun yi masa zobe. Ya ce ruwa ne ya yi yawa. Na faɗi tsayin gonarsa, da fegin tumatir, da buhu takwas da aladu suka ci, da sunan Don Cirilo ga mai son tambaya. Sai na faɗi na wa ne irin, da ranar da aka karɓe shi, da mutum goma sha ɗaya, da hannunki a jiƙe. Ban tsallake komai ba.

Suka ja buhunan uku da na kan zane zuwa bayan garken shanu, wani ya kawo kananzir. Ma'aikata da suka zo rubutu kawai suka yi, suka ɗauki sunansa da na gonarsa, suka ce za a hana shi fitar da komai daga cikinta. Ɗaya daga cikin alƙalan ya zo da kansa ya cire kyallen. Don Leoncio ya riƙa kiran mutane da sunayensu, abokan cinikinsa, wani ma da suka yi soja tare, kowa ya juya masa ƙeya. Tsohuwar nan ta sa shi ya cire takalmansa ya jefa a wuta, don ƙasar gonarsa tana jiki. Da safa ya fita daga filin, yana taka kashin shanu, matarsa tana tafe nesa da shi kamar ba ta san shi ba.

Abin da kika aike ni ke nan, na yi. Zan huta kwana biyu in sa a ɗaure birki kafin in kamo hanya.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Rosmeri


Sorapata, 28 ga Yuni

Injiniya,

Gaisuwa daga kawunki. Wannan ni nake rubutawa da kaina, ba shifta ba ce.

Wurin safar nan sau huɗu na karanta mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, rabon da in ji haka tun ubanki na da rai. Ta sa na karanta a ƙofar coci ranar Lahadi, shugaban gari ya yi ta gyaran murya yana duba igiyar takalminsa. Ƙanin Leoncio ya kwashe tumakinsa ya koma da su can gefen rafi ba wanda ya ce masa kanzil. An kawo mata giyar masara tulu biyu. Ke kuma yanzu ba mai cewa ba ki iya babur ba.

Jiya da hantsi na same ta a ramin ajiyar iri, ta kwashe tsohuwar ciyawa tana shimfiɗa sabuwa. Na ce me za a zuba? Ta ce in sake karanta mata wurin yankan. Na karanta. Ta ce biyar kika ɗauka, uku kika yanka.

Uwarki ba ta iya karatu ba amma ta iya ƙirga. Ta ce ke ba ki taɓa rubuta lamba a banza ba. Ta ce ta san ba za a kawo su nan ba, ta ji maganar ciwon, amma malamarki tana nan da kwalabenta, kuma shekara biyu ba wani abu ba ne, ita ta fasa mutuwa.

Na ce mata zan tambaye ki. Tunda har yau ba ki iso ba, ki ba Hilario amsa. Ina sauran biyun?

Allah ya kawo ki lafiya.

Kawunki,
Melchor


Cusco, 1 ga Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama.

Sauran biyun suna aljihun rigata har wuta ta kama. Na yi niyyar kai su wurin Dakta. Don Leoncio ya ga tudunsu a aljihun, ya matso ya kama hannuna, ya ce, "Ɗiyata, ki ceci waɗannan. Ki kai makaranta, a rubuta sunan Asunta, nawa ya biyo baya ko a ƙarshen layi ne."

Na ciro su na jefa a wuta, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon idonsa. Ba wanda ya sa ni.

Birki ya gyaru tun ranar ashirin da shida. Kullum da safe ina ɗaure kaya in kwance. Ka karanta mata wannan yadda yake, kada ka gyara. In ta ce in zo, zan zo.

Allah ya ba ta haƙuri.

'Yarku,
Rosmeri